Almakashin Yaya Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sani, tela a unguwar Boukoki. Har yau in na bi ta gada da la'asar, sai in ga kamar shi ne can gaba, hannu a baya, yana tafiya sannu-sannu, hasken kogi na wasa a rigarsa.

Mutum ne mai sanyin murya, amma fushi kan faɗo masa ba sallama. Ya taɓa jifan wani mai atamfa daga Babbar Kasuwa da dutsen guga a kan maganar wuyan riga. Allah ya kiyaye, bango ya samu. Ya zauna yana kuka kamar shi aka jefa.

Daga ranar ya ɗauki wata al'ada. Da ya ji wuyansa ya ɗau zafi, sai ya miƙa almakashinsa ga duk wanda ke kusa, ya ce, "Riƙe mini," ya fita. Da ƙafa yake tafiya har ya ƙetare gada zuwa unguwar Lamordé, sannan ya juyo. Maƙwabcinsa mai wanki kan yi masa tsiya: "Sani, ka gaida mana dorinar ruwa!"

Wata rana Kawunmu ya tara mu don ya sasanta Yaya da matarsa. Kawu na tsakiyar magana, Yaya ya miƙe, ya ɗora mini almakashi a cinya, ya fice. A gidanmu ba a tashi babba na magana. Na ce raini ne. Na daina gaishe da Yaya, kuma ban koma wurinsa ba har zazzaɓin damina ya ɗauke shi. Almakashin na nan cikin akwatina.

Bara, a gidan rediyon da nake aiki, ina mayar da bayanin wata likita daga Faransanci zuwa Hausa. Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke hura fushi, akwai kuma sashen goshi da ke taka masa birki, kuma saƙo tsakaninsu da sinadarai yake tafiya, ciki har da wanda ake kira serotonin. A wasu mutane birkin kan makara, hannu ya riga tunani. Ta ce wannan ba uzuri ba ne, ba kuma shi kaɗai ne dalili ba, amma barin wurin har jiki ya huce na cikin abin da suke koya wa masu fama da shi. Na fassara daidai. Sai da aka kashe makirfo na gane cewa ranar sasancin nan, Kawu ne Yaya yake tserarwa daga hannunsa.

Me Yaya zai ce da ya ji? Ina jin dariya zai yi: "Ashe takawar tawa har suna gare ta a lokotoro, wajen likitoci?"

'Yarsa Hadiza yanzu uwa ce. Watan jiya ta zo mini ido jawur. Ta yi jifa da kofi, ya fashe dab da inda jaririnta ke kwance.

"Gwaggo, abin Baba ne ya kama ni? Haka za a riƙa gudu na?"

Na ce mata ubanta ya bar abu biyu, fushi da dabarar kauce masa, mu kuwa ɗaya kawai muka gani. Na ba ta labarin gada. Mun je wajen likita tare, tana kuma komawa.

Ban sani ba ko Yaya ya yafe mini. Amma shekaranjiya muna gardama da Hadiza a tsakar gida, ina cikin yi mata faɗa, sai na ga wuyanta ya kumbura. Ta kwance goyonta, ta miƙo mini.

"Riƙe mini, Gwaggo."

Na karɓa, ta fita. Na bar maganata a inda ta tsaya, na zauna ina jijjiga jikan Sani har ta dawo.