Kalmasar Wandon Falwaya

A duk faɗin unguwar, tela ɗaya ne za ka kai wa yadi ka koma gida ka yi barci har da minshari. Shi ne Baba Jibi. Ba sunan yanka ba ne, sana'a ce ta raɗa masa. Ko rigar jariri ka kawo ko labulen gida guda, zai ɗaga yadin, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce maka jibi. Jibin kuwa in ka zo, kayanka na rataye, an goge su har suna ɗaukar ido. Sauran telolin layin ba sa ko son jin sunansa. Cewa suke yana ɓata musu sana'a, don ya sa jama'a sun fara ɗauka alkawarin tela abin riƙewa ne.

Gajere ne, irin gajartar da in ya zauna a kan keken ɗinki sai an sa masa matashi. A wurin kawunsa ya koyi aiki, tun yana ɗinka maɓalli har ya sayi keken kansa, ya kama shago mai ƙofa ɗaya da fanka mai kuka. Ya auri maƙwabciyarsa, wadda yanzu take sayar da lemo da ruwan sanyi a shagon da ke manne da nasa. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, gida ya koma daga shi sai ita sai gardama. Bai tara dukiya ba, bai hau mota ba. Sunan nan shi ne kaɗai abin da ya tara, kuma yana ji da shi fiye da yadda ya kamata, in gaskiya za a faɗa.

A da, Baba Jibi ba ruwansa da ƙwallon kwando. Yakan ce bai ga hankali ba a ce ƙarti su yi ta gumi suna jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi. Sai ranar da wani saurayi ya sunkuyo ya shigo shagon, ya miƙe, fanka ta gaishe shi a goshi. Sabon ɗan wasan ƙungiyar garin ne, wanda tsawonsa ya sa 'yan kallo suka laƙaba masa Falwaya, wato turken wayar lantarki. Ya zaga kantuna kaf bai sami wandon da ya wuce masa gwiwa da kirki ba. Baba Jibi ya ɗauko tef, tef ya ƙare ƙafa ba ta ƙare ba. Ya hau benci don ya auna kafaɗa, bai kai ba, sai da ya hau teburin yanka. Da ya sauko yana haki, ya ce masa jibi.

Tun daga nan kome na Falwaya a shagon ake ɗinka shi. Yaron ya zama tauraro, hotonsa ya cika gari, amma in ya zo sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango don su yi hira ido cikin ido. Yana ce masa Baba, yana ce wa matar Mama, ya shanye mata lemo ta hana shi biya. Baba Jibi kuwa ya zama ɗan gani-kashe-nin ƙungiya. Ranar wasa yakan koma shagon mai aski da ke tsallake, inda akwai talabijin, ya tsaya a kan kujera yana ba koci umarni ta cikin gilashi. In Falwaya ya yi tsalle ya dankara ƙwallo a kwando, sai ya juyo ya dubi jama'a yana gyara wuyan riga, kai ka ce da zarensa aka ɗinka tsallen.

To, sai labari ya fashe. Kwantiragin Falwaya zai ƙare a ƙarshen kakar wasa, kuma ya faɗa wa masu ƙungiya da bakinsa cewa ba zai sabunta ba. Abu ya rage nasu: ko su yi musayarsa yanzu, kafin a rufe kasuwar 'yan wasa, su karɓi matasa biyu a madadinsa, ko su riƙe shi ya ƙarasa musu kakar, wataƙila ya ɗauko kofi, sannan ya tafi su tashi a tutar babu. Gari ya dare gida biyu. Mai aski yana sauya ra'ayi gwargwadon kan da ke hannunsa, in na mai son musaya ne a yi musaya, in na mai son riƙewa ne a riƙe. Direbobin tasi sun daina tambayar fasinja inda za shi sai sun ji ɓangarensa.

Rabuwar ta bi Baba Jibi har kan tabarmar cin abinci. Matarsa ta kafa ta tsare a kan a yi musaya. Ta ce ita 'yar kasuwa ce, ta san lemon da ya kusa lalacewa ba a zuba masa ido a firiji, kuma duk wanda zuciyarsa ta riga ta hau mota, riƙe masa jaka ba ya hana tafiya. Baba Jibi ya ce ɗan mutane take kira lemo? Ya ce matasan da ake zancen ko sunansu babu wanda ya iya faɗa, ɗayansu ma ya gan shi a talabijin, bai fi mai aski tsawo da kirki ba. Ta tambaye shi shi wane ne da zai yi wa wani gorin tsawo. Ya ture kwano ya tashi, ya dawo ya ɗauki naman da ya bari.

Ana cikin haka Falwaya ya shigo da yadi mai ruwan toka, mai nauyi, irin wanda ba a samun sa a kasuwar garin. Kwat da wando yake so, ya ce yana iya buƙatarsu kowane lokaci. Baba Jibi ya murza yadin, ya gane inda aka dosa. Ya sha gani a talabijin: duk ɗan wasan da aka yi musayarsa, cikin kwat ake zaunar da shi gaban 'yan jarida, ya ɗaga sabuwar riga a ɗauki hoto. Bai taɓa ganin an zaunar da wani da kayan motsa jiki ba.

Yana cikin auna shi a kan tebur dabarar ta faɗo masa, har sai da ya kama kan Falwaya don kada ya faɗo shi ma. Ba kwat, ba zama gaban 'yan jarida. Ba zama, ba musaya. Kuma a duniyar nan wa zai iya yi wa wannan jiki kwat in ba shi ba? Ashe maganar da masu ƙungiya da lauyoyinsu ke ta taro a kanta, a ƙarƙashin allurarsa take. Abin da ake buƙata bai wuce abin da kowane tela ke yi ba tare da ya yi tunani ba, wato ya ja ƙafa har a rufe kasuwa. Ya san abin da zai ci masa. Sunan da ya yi rayuwarsa yana gogewa, shi zai ɗora a kai. Ya sauko daga tebur, ya ce jibi.

Matsalar ita ce bai iya ba. Hannunsa bai san jinkiri ba, kafin ya ankara ya gama kwat, ya sa shafi, ya tsaga gidan maɓalli. Ƙarya kuma ba ta fita daga bakinsa sai ta sarƙe shi. Don haka ya bar abu ɗaya da gangan, kalmasar ƙafar wando, yadda in ya ce ba a gama ba, gaskiya ya faɗa.

Jibi ta yi, Falwaya ya zo. Baba Jibi ya ce sai an sake awo, don yana zargin ya ƙara tsawo. Falwaya ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce Baba, mutumin da gemu ya cika wa fuska? Aka sake awo. Zuwa na gaba aka ce zaren da ya dace da yadin ya ƙare. Na gaba kuma aka ce yadi irin wannan yana so ya kwana a rataye ya huta kafin a kalmashe shi, in ba haka ba zai yi fushi. Baba Jibi da kansa ya yi mamakin inda yake samo waɗannan maganganu. Har ya fara jin daɗin abin, yana tafiya yana fito, yana kallon sauran teloli da wata sabuwar girmamawa.

Layi kuwa ba makaho ba ne. An ga motar Falwaya tana zuwa tana komawa ba leda. Telolin nan suka fara gaishe shi da fara'a, wani ma ya aiko masa da shayi, ya ce barka da shigowa cikin 'yan'uwa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana kawo masa ɗinki ta wuce ta gaban shagon da yadinta a hammata, ta kau da kai. Wannan ta yi masa zafi ƙwarai, har ya kasa cin abincin rana. Matarsa, da ta leƙa bayan labule ta ga kwat a gama, ta fahimci kome ba tare da an gaya mata ba.

"Malam, kai yanzu da kalmasar wando za ka riƙe mutum?"

Ya ce ta zuba ido ta sha kallo.

Ranar rufe kasuwa, da hantsi, mota ta tsaya ba a kashe ta ba. Falwaya ya sunkuyo ya shigo, bai zauna ba.

"Baba, yau nake so. Jirgi zan hau."

Baba Jibi ya ɗago kai daga keke. Ga ranar ta zo. Ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya ce saura kalmasa. Falwaya ya ce a ba shi haka nan, zai sa a ƙarasa a can. Baba Jibi ya ce tun da ya buɗe shagon nan kaya bai taɓa fita da bakin zare a waje ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ce jibi.

Falwaya ya daɗe yana kallonsa daga can sama. Sannan ya durƙusa, ya rungume shi har ƙafafun tsohon suka bar ƙasa, ya ce Allah Ya kai mu, ya fita.

Ai motar ba ta gama shan kwana ba Baba Jibi ya ɓarke da rawa. Ya ɗaura tef a kai, ya faɗa shagon matarsa yana juyi tsakanin akwatunan lemo, yana cewa ba inda za shi, an gama, a kawo kofi. Ya buɗe kwalba ya sha bai biya ba. Ya tsallaka wurin mai aski ya ce a yi masa gyaran fuska, yau ranar farin ciki ce, amma ya ƙi faɗin dalili. Bakinsa har kunne, kumfa na shiga ciki.

Washegari da la'asar aka cika shagon mai aski. An yi musaya. Ga Falwaya a talabijin, a wani gari mai nisa, yana shigowa gaban 'yan jarida cikin kwat ɗin aro. Hannun kwat ɗin ya tsaya tun kafin ya ga tsintsiyar hannu, wandon kuma ɗangalalle, ƙwauri a waje, safa tana ta kanta. Shago ya kaure da dariya, mai aski ya ajiye injin ya riƙe ciki. Baba Jibi ne kaɗai bai yi ba. Shi abin da ya gani, yadda yaron yake ta jan bakin hannun rigar ƙasa, yana ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin tebur.

Wani ɗan jarida, cikin raha, ya tambaye shi ko a garin da ya baro babu teloli ne. Kowa a shagon ya juyo ya dubi Baba Jibi.

Falwaya ya matso da abin magana. "Akwai. Telana ya fi na kowa, bai taɓa saɓa alkawari ba. Jibi ya ce mini, ni ne na yi gaggawa."

Shagon ya ɗauki tafi. Aka yi ta dukan kafaɗar Baba Jibi, mai aski yana cewa shi dama ya faɗa, wani yana cewa gobe zai kawo yadinsa. Sunansa ya dawo masa cif, har da ƙari, a gaban duniya. Shi kuwa kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya tuna kallon da yaron ya yi masa daga sama, ya gane tun a lokacin ya san kome.

Ya sulale ya koma shago. Matarsa ta riga shi, ta sauko da wandon ta shimfiɗa a kan tebur, ta jona dutsen guga. Ya ce mata, murya can ƙasa, ai ga shi burinta ya cika.

"Ni cewa na yi a yi musayarsa, Malam. Ban ce a tura shi da ƙwauri a waje ba."

Ya hau matashinsa, ya ɗauki zare, ya nemi kafar allura ya rasa, don idonsa ya cika. Ta karɓa ta zura masa. Kafin dutsen gugar ya gama zafi, ya gama kalmasar.