Baƙar jarkar Inna

"Wa ya sauke min baƙar jarkata?"

Da wannan tambayar Inna ta tare ni jiya da la'asar a gidanmu da ke unguwar Ali Kazaure. Na ce ni ne. Tsohuwar jarka ce da ta shafe da baƙin fenti, kullum tana kan katanga. Na ga ta yi muni, na ɗora sabon farin bokiti a madadinta.

Ashe da ita take ɗumama wa Baba ruwan alwala, don ciwon gaɓoɓinsa ba ya shiri da ruwan sanyi. Ranar nan kuwa, da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara ya yi alwalar azahar.

Na ce, "Inna, a sanyin Jos ɗin nan, iskar ma sanyi gare ta. Me zai ɗumama ruwa?"

Ta jawo hannuna daga inuwa zuwa rana, taku ɗaya.

"Ka ji ɗumi? Iskar ce ta canja? Ba ita ke kawo shi ba, hasken ne da kansa. Baƙi shanye shi yake, fari kuwa korarsa yake."

Shekara tara ina koyar da kimiyya a sakandare, ina zana wannan darasin a allo, amma ban gane shi a katangar gidanmu ba. Inna kuwa ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba.

Na mayar da jarkar, na roƙi aronta in kai aji. Ta ce alwalar Baba ta fi darasina, in fente tawa.

Na fente. Ranar Litinin ɗalibaina za su ji sunan malamata.

Ku fa, wane ilimi kuka tsallake a tsakar gidanku?