Amaryar da Zan Sato a Lombok

Kawuna ne ya kawo ni Riyad, ƙanen mahaifiyata. Ya daɗe a can yana tuƙa tankar ruwa a wani kamfanin gini, yana zaune a unguwar Manfuha tare da wasu mutanen garinmu. Shi ya samo mini aikin direba a gidan wani Balarabe a unguwar Badi'a, a shekarun da mata ba sa tuƙi a ƙasar. Ranar da ya kai ni ya dafa kafaɗata ya ce wa maigidan, "Wannan ɗana ne, duk abin da ya yi a wuyana." Maigidan ya karɓi fasfona ya zura a aljihu, ya nuna mini ɗakina a jikin katanga, dab da get.

Maigidan ba mazauni ba ne. Matarsa ce ke juya gidan, muna kiranta Madam. Mace ce mai sanyin murya, ban taɓa jin ta ɗaga harshe ba, kuma da farko na ɗauka hakan alheri ne.

Akwai 'yar aiki a gidan, mutuniyar Indonesiya, ƙarama ce a jiki, bazawara. Da ita Madam ke haɗa ni in kai 'yan matan gidan makaranta, don kada direba ya keɓe da su. A tafiya ba mai cewa uffan. A dawowa kuwa daga ni sai ita, tana can baya jikin ƙofa, cunkoson safiya ya riƙe mu a titi. Mun yi watanni a haka, gaisuwa kawai. Ranar da ta fara yi mini magana, faɗa ta yi. Ta ce kullum ina dawo da rabin shinkafar da take aiko mini, shin hannunta ne ba daɗi? Na ce hannunta lafiya lau, abincin mutanen nan ne kamar na mai jinya, ba yaji. Ta yi dariya har ta toshe baki da gefen abaya. Washegari tiren ya zo da wani jan barkono dakakke a murfin kwalba, na ci har hawaye.

Da Larabcin 'yan aiki muke magana, wanda ba ruwansa da nahawu, inda kalma ta ƙare a cika da hannu. Da shi ta ba ni labarin tsibirinsu, Lombok. Ta ce daga ƙofar gidan ubanta ana jin teku, kwakwa na faɗowa ba mai ɗauka, ga wani dutse a tsakiyar tsibirin da gajimare ke kwana a kansa, kuma ko'ina ka juya masallaci ne. Ni kuwa ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garinmu ba. Na ce mata ƙarya take yi, ba inda kwakwa ke zube a banza. Ta ce in zo in gani.

Wata safiya na ce, "In na zo, wurin wa zan nemi aurenki?"

Ta ce a wurinsu ba a neman mace a hannun ubanta, wannan raini ne, kamar ka zo cinikin akuya. Sato ta ake yi. Saurayi ya zo bayan magariba, ta sulale ta bayan gida, ya gudu da ita ya ɓoye ta a gidan wani dangi. Sai a aika wa uban cewa an ɗauke 'yarsa, ya yi fushin al'ada, dattawa su zauna, a ɗaura aure, a rako ango da amarya da ganguna a kan titi.

Na ce, "To ni da ba ni da kowa a can, gidan wa zan kai ki?"

Ta ce, "Gwaggona tana ƙauyen gaba. Za ta ɓoye mu, ta fi kowa son rigima."

Daga ranar dawowa daga makaranta ta koma zaman shiri. Kwantiraginta zai ƙare bayan ƙaramar salla, ta riga ni tafiya. Ni kuma in karɓi hutuna bayan aikin hajji, maimakon Kano in nufi Jakarta, daga can in hau ƙaramin jirgi. Ɗan gwaggon zai ara mini babur. Ta koya mini yadda zan gaishe da ubanta da harshensu, ina faɗi tana gyarawa. Muka yi gardama kan abincin biki: ta ce kifi gasasshe, na ce ba a aurena ba tuwo, ta ce to in taho da kukata a jaka. Ta ce a masallacin bakin teku za a ɗaura, inda yashi ke shiga har sahun gaba. Na ce ni da babbar riga zan zo. Ta ce zufa za ta kashe ni, na ce na ji.

Wata Juma'a na je kasuwar Batha na sayi farar shadda da leshi ruwan ƙwai, na kai wa telan mutanenmu a Manfuha. Awon nata da hannu na kwatanta masa. Kafin in iso gidan su Kawu cin tuwon Juma'a, labari ya riga ni. Ina yin sallama wani ya ce, "Ga angon kwakwa." Ɗakin ya ɗauka. Wani ya ce in kula kar kifi ya zama surukina, wani ya ce ai 'yar aiki da direba dama sai dai su haifi bokiti. Kawu bai yi dariya ba. Ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce in raka shi shago.

A hanya ya ce, "Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu. Aure ne, ba wani abu ba. Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba."

Ya ce, "Uwarka ta sani?"

Na ce zan gaya mata in lokaci ya yi. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Har ya saya mini lemo. Na koma Badi'a ina ganin na sami uba a maganar.

Bayan 'yan kwanaki Madam ta shiga mota, 'yar aikin na gefenta riƙe da jaka. Muna tafiya ta ce, "Sawwag, ka iya iyo?" Haka take kirana, direba. Na ce a'a. Ta ce, "To ya za ka yi a tsibiri?" Sai ta yi murmushi ta ce kada mu ji tsoro, ta ji komai, mabruk, wato barka. Ta ce aure sunna ne, ita da kanta za ta sa maigida ya sallame mu tare, mu hau jirgi ɗaya. Ta madubi na ga 'yar aikin ta kama hannun Madam tana sumbata tana kuka.

Makonnin da suka biyo baya Madam ta shiga shirin fiye da mu. Kullum da tambayarta: wa zai yi waliyyi, mutum nawa za su zo, da gaske a kan babur za a sace amarya? Mu kuwa muna zuba mata kamar yara. Ranar wata Alhamis 'yan'uwanta mata suka zo shan gahawa, ta aiko a ce in sa kayan angoncina in tsaya a ƙofar tsakar gida. Na sa. Na tarar an sa wa 'yar aikin leshin, ya yi mata yawa, hannun rigar ya rufe yatsunta. Aka tsayar da mu nesa da juna, aka ce in nuna yadda zan sato ta. Na tsaya kamar gunki. Madam ta ce, "Yalla, yi ƙarar babur." Matan suna bayan labule, wayoyinsu ne kawai suka leƙo, dariya na tashi. Na kalli 'yar aikin, ta yi mini alama da ido cewa in yi haƙuri in yi. Na yi ƙarar babur da bakina. Wata ta ce in sake, ba ta ɗauka ba. Na sake.

Da aka koma makaranta, a hanya 'yar aikin ta ce, "Ba komai. Dariya ce kawai, ta kusa ƙarewa."

Ana saura kaɗan azumi Madam ta ce in fito da mota, za mu filin jirgi tarbar ƙanwarta. Maigida ya zauna a gaba, abin da ba ya yi. Madam da 'yar aikin suna baya. Sai da muka hau babban titi na lura da jakar leda a kan cinyar 'yar aikin, da yadda idanunta suka kumbura. Ba ta san ƙasarsu za a mayar da ita ba sai da safen nan, wayarta ma an karɓe.

Madam ta ce, cikin muryar nan tata mai sanyi, "Na tausaya miki ne, 'yata. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya a Najeriya. Wasa yake da ke."

Na ce, "Wallahi ƙarya ne, Madam."

Maigida ya ce, "Kalli hanya."

Madam ta ce ba ita ta faɗa ba, bari a ji daga bakin danginsa. Ta danna waya ta buɗe murya. Sallamar Kawu ta cika motar. Ta tambaye shi, shi kuma ya amsa da Larabcinsa mai kyau, a natse, yadda kowa zai fahimta: e, yana da mata, tana gidan mahaifiyarsa, da yara, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Ya ƙara da cewa ba wannan ce ta farko da na yi wa haka ba.

Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Kawu, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, shi ma da Hausa, "Tuƙa motarka, yaro." Madam ta kashe.

Na shiga rantsuwa, Larabcin ya watse mini, ina haɗa shi da Hausa. Maigida ya ce in na ƙara kalma ɗaya zai kira 'yan sanda ya ce ya kama mu a ɗaki, in ya so mu yi bikin a kurkuku. Na nemi idonta a madubi, ta juya fuska ga taga, ba ta sake juyowa ba. A filin jirgi maigida ya fita da ita, fasfonta a hannunsa, an riga an buga mata bizar fita ta ƙarshe. Na buɗe ƙofa zan sauka, Madam ta ce, "Zauna, ba a barin mota a nan." Ina kallo ta bi bayansa da jakar ledarta har ƙofar gilashi ta rufe. Madam ta ce in ƙara sanyin mota. Da maigida ya dawo suka ce in biya da su wurin masu dabino, azumi ya matso.

Juma'ar da ta biyo na je Manfuha. Kawu yana yanke farce a bakin katifa. Ban zauna ba, na ce, "Me na yi maka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ceton ka na yi. Da wani ya riga ni kai maganar, da yanzu bulala kake sha, ni kuma da na tsaya maka a kore ni da tsufana. Kuma in koma in ce wa 'yar'uwata me? Na kai ɗanki Saudiyya ya ɓace a cikin ruwa?"

Na ce, "To ka raba mu, amma don me za ka ce ina da mata?"

Ya ce, "Don kar ta jira ka. Mace in tana jira, sai ta nemo ka." Ya hure farcen daga cinyarsa ya ce a zubo mini tuwo.

Na neme ta iya ƙarfina. A bakin makarantar yara akwai direbobi 'yan ƙasarsu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da sunan ƙauyen kamar yadda kunnena ya riƙe. Wani ya ce bai taɓa ji ba, wani ya ce ƙauyuka da yawa ke da irin sunan, wani ya tambaye ni cikakken sunan ubanta, na ga ban sani ba. Lambar da nake da ita ta nan Riyad ce, tana cikin durowar Madam. Suka ce kuma ƙasarsu ta daina turo mata aikin gida, ko tana so ba za ta dawo ba. Hutun da na sa rai bayan hajji maigida ya hana, ya ce sai hankalina ya dawo. Na ci gaba da kai yara makaranta, sabuwar 'yar aiki a baya, wadda aka gargaɗe ta a gabana cewa direban nan ba a yi masa magana.

Da kwantiragina ya ƙare na dawo gida. Daga baya na yi aure a garinmu, kuma Kawu ne ya karɓa mini auren, don mahaifina ya rasu kuma mahaifiyata ba ta san komai ba. Shi ma ya dawo yanzu, ƙafa ta hana shi tuƙi. Duk taron suna ko na biki in hira ta yi daɗi sai ya ce, "Ku tambayi wannan, saura ƙiris ya zama masunci a ƙasar Sin." Ya ba da labarin yadda yake so, mutane su yi ta dariya, matata ma ta taɓa ji ta yi. In taro ya watse ni ke ɗaukarsa a mota in kai shi gida, don 'ya'yansa ba sa nan.