Harafin da Ke Cikin Zanen Surfani

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar da na ƙwato zanena a gaban teloli ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Na kama ɗan atiliye, wato shagon aiki, a unguwar Maourey, ina zana surfani a odinata, wato kwamfuta, ina sayar wa masu keken da ke ɗinki da kansa, in tura musu ta wayar salula. Ana dab da salla na yi sati uku kan wani zanen wuyan riga, har idona ya fara ruwa. Sai wani abokina tela ya nuna mini zauren teloli a wayarsa. Ga zanena nan, wani mutum yana sayarwa da arha, wai aikin hannunsa ne.

Na kira mutumin. Dariya ya yi, ya ce, "Malam, abin da ya hau waya ai na kowa ne."

Da ƙuruciya ta ja ni, da faɗa na je yi. Allah ya taimake ni na kai ƙara wurin shugaban teloli, wani dattijo a unguwar Talladjé. Ya tara mu a shagonsa. Mutumin ya dage shi ya zana.

Na ce, "Baba, a tambaye shi mene ne a tsakiyar furen hagu."

Mutumin ya ce, "Fure ne kawai, me zai kasance?"

Na ce, "Harafin farko na sunan mahaifiyata ne, da ajami. Duk zanena ina saka shi. A ɗinka a gani."

Aka ɗora zanen da yake sayarwa a keke. Allura ta shiga aiki. Da ta tsaya, dattijon ya sa tabarau, ya kai ƙyallen bakin ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya juyo ya miƙa wa mutumin: "Ɗana, karanta mana."

Ga harafin nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar furen. Nan take aka sa mutumin ya goge zanen, ya aika saƙon murya a zauren cewa nawa ne. Kafin in iso Maourey, salulata ta cika da kiran telolin da ban taɓa sani ba.

Tun ranar na gane cewa mai gaskiya ma sai ya tanadi shaida, kuma ya kai kukansa inda za a saurare shi, ya bar hayaniya.