Fatar Raƙumar Kawu Gumar

Kai, ku da kuka san Kawu Gumar! Mutumin da ba ya wuce shara bai duƙa ba. Gwangwanin sardin, guntun waya, tsohuwar ƙusa, duk sai ya jefa aljihu ya ce, "Shaida ne." A wancan zamanin garin Arlit ko ɗaki ɗaya babu, sai tantunan Anasara masu neman dutse, mu kuma muna kiwo wajen Gugaram.

Duk abin da ya tsinto sai ya ɗinke shi a kan wata fatar raƙumi, ya daka dutsen nan mai ruwan ɗorawa da Anasara ke nema, ya shafe. Matarsa, Inna Tekna, ta ce, "Wai mene ne wannan?" Ya ce, "In na gama, ni ma zan sani."

Liman ya zo takanas, wai ya ji ana zanen hoto. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Ni dai ban ga komai ba." Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, Malam, ka wanke ni!"

Rannan babban Anasaran ya ga fatar, ya rikice. Ya sa tafinta ya ce wai wannan ruhin hamada ne, zai tafi da shi Faransa. Gabanmu ya faɗi, don lokacin abin da Anasara ya so ya zama nasa. Har ya rataye ta jikin kamiyo, babbar motarsu ta kaya, yana tafi.

Kawu ya kira shi yadda ake kiran Anasara, ya ce, "Mushe, da farko dai a kife ka rataye ta. Bari in karanta maka ruhin. Fatar nan raƙumata ce, wadda kuka ƙwace ta mutu ƙarƙashin nauyin bututun da kuka ɗora mata. Wayar nan da ita kuka zagaye rijiyarmu. Gwangwanin nan shi aka ba ni diyya, kuma ba kifi ciki. In za ka kai ta Faransa, sai ka tafi da ni in tsaya gefenta ina bayani!"

Tafinta ya fassara. Anasara ya yi ja wur, ya sauke fatar da hannunsa. Wallahi Inna Tekna har guɗa ta yi!

Sai bayan rasuwarsa na juya fatar. A bayanta ba ƙusa ba fenti, gashin wuyan raƙumar ne kawai, ya suɗe saboda yawan shafawa. Ranar na yi kuka. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi daga rijiyar da ba a zagaye da waya ba. Amin.