Azarar da Kaka Ya Haɗa da Gam

Jiya a wurin aiki aka buɗe sabon gwangwanin gam, warin ya mayar da ni Kafanchan, shekarar da iska ta yaye rufin majami'armu. Ina aji uku lokacin, ko huɗu, ba zan rantse ba.

Kakana na wajen uwa kafinta ne, ya yi ritaya daga reluwe. Tun rasuwar matarsa ba ya yawan magana. Yininsa a gindin wani tsohon maɗaci yake yi, a bayan majami'a, inda su biyu suka saba hutawa in an tashi sujada. Da dattawan ikilisiya suka ce maɗacin za a sare a fitar da babbar azarar rufi, sai ya roƙi a ba shi wata biyu ya haɗa musu azara da kansa.

Ya tattaro guntayen katakon akwatunan da ake zubarwa a tasha, ya goge su sumul. Ya dafa fatar saniya da kofato har suka zama gam mai yauƙi, warinsa ya hana kowa zama a tsakar gida. Yana shafawa yana jera katakon, wani kan wani, ba ya barin gaɓa ta faɗo kan gaɓa. Ya ɗaure da igiya, ya danne da duwatsu. Damina ta kankama, kullum yana hura wuta kusa da shi don ya bushe.

Wata Lahadi bayan sujada aka ɗora azarar a kan duwatsu biyu, tsayin ƙugu. Kaka ya ce maza goma su hau su gani.

"Baba, da miyar ganda za ka riƙe ɗakin Ubangiji?" in ji wani dattijo. Aka yi dariya.

"Hau mana. In ya karye, ƙafana ne zai fara karyewa."

Ba wanda ya motsa. Ya hau shi kaɗai, da ƙyar, ya tsaya a tsakiya cikin rigarsa ta zuwa majami'a. Sai ya dube ni.

"Jikata, zo ki nuna musu."

Na sha gaya wa mutane cewa mama ce ta riƙe hannuna. Gaskiya ba ta riƙe ba. Tsoro na ji, na sunkuyar da kai. Ya daɗe a tsaye kafin ya sauko.

A makon aka kawo masu zarto su sare maɗacin. Kwana uku muna jin ƙararsa daga gida. Kaka ya jawo azararsa ƙofar ɗakinsa ta zama benci, kuma ban tuna na ga wani ya zauna a kai ba sai shi. Da ya rasu, aka faskara ta aka dafa wa masu ta'aziyya abinci.

Yanzu aikina ke nan, gwada ƙarfin katakon da aka manne da gam, don manyan itatuwa sun ƙare a wajenmu. Wataƙila dattawan suna da hujja, gam ɗin fata ba ya son laima, ruwan Kafanchan kuwa ba wasa ba. Wataƙila kuma da azarar ta riƙe. Ba ni da yadda zan sani. Muna da injin da ke danna katako har ya karye, ya faɗa mana nauyin da ya ɗauka. Ranar nan nauyin yarinya ɗaya kawai Kaka ya nema.