Sungumin da ke Bayan Randa

Shekarar da Nasara suka tuɓe maigidana daga sarautar ƙauyenmu, can wajen Liba, ruwan shuka ya sauka da hantsi. Har yau in na lumshe ido ina ganin tururi na tashi daga gonaki kamar an buɗe tukunya.

A al'adarmu ba mai jefa iri sai mai gari ya yi saran farko da sungumin kakanninsa. To, rawani dai an naɗa wa ƙanen maigidana, mutum mai saurin cewa to. Sungumin kuwa yana ɗakina, bayan randa, don Bature bai ma san da shi ba.

Sabon mai gari ya fita gona da dogarai da sabon sunguminsa, ya sara, ya sara, ko yaro bai bi shi ba. Mutane suka taru ƙofar gidanmu suka zauna, kowa da ƙwaryar iri a cinya. Wallahi daɗi kamar ya kashe ni.

Babana, malami ne a Jega, ya zo mana jaje, yana zaune cikin zaure. Da na kai masa ruwa ina murna, sai ya ce in rage rawar kai. Ya ce a karatunsa ya ga mutane na bin mutum don tsoro, ko don gado, ko don sun yarda da shi. Bindiga na sa a durƙusa, amma ba ta sa a zauna jiranka da iri a hannu. Sai dai, in ji shi, wanda ake jira shi ke ɗauke da yunwar masu jiran.

Laima kuwa tana ta bushewa. In ba a shuka ba, yunwa. In maigidana ya sara, a ce tawaye, kuma mun ji yadda aka yi da wani gari a gabas.

Maigidana ya shigo ɗakina ya tsaya. "Uwargida, ɗauko mini shi."

Na ɗauko sungumin da sauri, na ce ya je ya nuna musu mai gari.

Ta katanga na hango shi yana ratsa mutane a hankali, farar rigarsa na shiga tururi tana fita. Da ya isa gaban ƙanensa a bakin gona sai ya cire takalmi, ya miƙa masa sungumin da hannu biyu. Ƙanen ya sara. Mutane suka miƙe, suka bi shi.

Gero ya yi kyau a shekarar. Na ci, na ƙoshi, amma na daɗe ban huce ba. Kullum da safe nakan share ƙofar gida yadda na saba, ba sawun kowa sai na kaji.